Awa Biyar Zuwa Gonar Tsamiya

A bayan kujerar da ke gabana akwai wani ɗan allo, a kansa kuma wani ɗan farin jirgi da bai wuce ƙwayar wake ba, yana rarrafe a kan taswira. Shi na zuba wa ido tun daga Kano har Jidda. Na kusa da ni ya yi barci ya farka, aka kawo abinci aka kwashe, ni ina nan ina kallon ɗan jirgin nan yana tsallake ƙasashe. Ta taga kuma ga gajimare a ƙarƙashinmu, fari fat, shimfiɗe har ƙarshen duniya. A ƙasan allon an rubuta tazarar, kilomita dubu uku da ɗari huɗu da 'yan kai, amma wannan bai shiga kaina ba. Agogo ne ya shiga kaina. Awa biyar, har da ɗan ragi, muka sauka ko bayana bai yi ciwo ba.

Ni mutumin wata 'yar unguwa ne a arewacin Minjibir, kuma ɗan cin rani tun ina saurayi. In an gama girbi an ɗaure dami, sai mu kama hanyar Legas, mu yi dako ko gadi, in hadari ya fara haɗuwa mu juyo gida. Hanyar Legas a bayan tirela kwana biyu ce, uku in mota ta lalace. To mutumin da ya saba da wannan wahala, ka ce masa ga aikin gona a wata ƙasa, awa biyar kacal, me kake so ya ce? Dillalin da ya shirya tafiyar, wani mai farin gilashi da ofis a birni, haka ya faɗa min yana jan carbi: "Malam Hamisu, ai Jidda ta fi Legas kusa. Wata shida ne kawai. Ka yi asuba a can, ka yi azahar a gonarka." Na ɗauki maganar nan na kai gida ina ta rabawa kamar ni na ƙirƙiro ta.

Akwai dalilin da ya sa dole in dawo kafin shuka. A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan. Gona na jingine da gona, ba inda za ka jefa fartanya ba ta faɗa a ta wani ba. Gonar da ke gindin tsamiya ta kakanmu ce, ba a raba ta ba, kuma Baffa Sale, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da maganarta tun rasuwar babana. Shekara tara ni ke noma ta. Ni na yi ta kai mata taki a kan jaki har ƙasarta ta yi baƙi. Daga cikinta Inna da matata Hadiza da 'ya'yana uku suke cin tuwo. To sai Isiyaku ɗan Baffa ya yi aure ya haihu, ba shi da inda zai sa garma sai wani ɗan tsiri a bayan gida. Da ya ji zan tafi ƙasar waje, ya ce a ba shi.

Baffa ya tara mu a zaure ya yanke magana gaban mutane. Ya ce, "Gona ta wanda yake nan ce lokacin shuka. Hamisu, in ka ce min ba za ka zo ba, zan ba Isiyaku. In kuwa na ba shi, na ba shi ke nan, ba za a riƙa yawo da gona daga hannu zuwa hannu ba. Amma ba zan ba shi ba sai na ji daga bakinka."

Na yi dariya. Na ce, "Baffa, ranar da ruwan shuka ya sauka, waya kawai za ka buga min. Kafin danshi ya bushe ina nan da sungumina."

Baffa bai taɓa hawa jirgi ba. Ya dube ni da kyau ya ce, "Da gaske awa biyar ce?"

"Ba ta ma cika ba."

Ya jinjina kai, ya ce Allah mai iko.

Tun a ƙofar filin jirgin Jidda aka fara koya min karatu, ni ne dai ban ɗauka ba. Wani mutum ya tarbe mu da takarda mai sunayenmu, ya miƙo hannu ya ce fasfo. Na ba shi da hannu biyu har da godiya, a zatona adana min zai yi. Aka zuba mu a wata farar mota muka bar gari. Baƙaƙen duwatsu, sai yashi, sai kuma duwatsu. Na duba agogo, awa biyar ta wuce muna tafiya. Sai da muka yi awa tara. Wato daga Jidda zuwa inda zan yi aiki ya kusa ninka daga Kano zuwa Jidda. Na lura da wannan sarai, amma na ture shi gefe yadda mutum kan ture tsakuwa a cikin tuwo ya ci gaba da ci.

Gonar dabino ce, layi-layi har inda ido ya tsaya, gefe guda kuma ciyawar dabbobi kore shar a tsakiyar hamada. Ba hadari, ba tsawa, ba ƙamshin ƙasa. Inji ne ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ya bi ta baƙaƙen bututu yana ɗiga a gindin kowace bishiya. Ka murɗa famfo damina ta zo, ka sake murɗawa ta tafi. Watan farko abin ya burge ni ƙwarai, har na ce da za a kai mana wannan Minjibir da mun huta. Daga baya wurin ya fara yi min wani iri. Mutum ya wuni a gona ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama ko sau ɗaya.

Abokin ɗakina Shafik ne, ɗan Bangaladash, siririn mutum mai furfura a gefen kunne, gwanin hawan dabino. Da guntun Larabci muke magana, abin da ya gagara mu cike da hannu. Ashe shi ma manomi ne, na shinkafa. Ya nuna min gonarsa a waya, ruwa kwance har gwiwa, shinkafa ta leƙo sama. Ni ba ni da hoto, sai na zana masa tawa a kan yashi: nan tsamiya, nan hanyar rijiya, nan gamba da ta raba mu da maƙwabci. Ya tambaye ni nisan garinmu. Na ɗaga masa yatsu biyar ina taƙama. Ya yi dariya har da tari. Ya ɗaga yatsu shida, ya ce nasa garin ke nan a jirgi. Sannan ya ɗaga bakwai, ya ce shekarun da ya yi bai taka shi ba ke nan. Na ce a raina, kai dai ba wanda ke jiran karɓe gonarka ne.

Da tsakar rana zafi kan tsayar da aiki. Kowa ya nemi inuwa ya miƙe. A wannan lokacin ne nake zuwa gida. In rufe ido a gindin dabino, sai in gan ni a jirgi, ba wanda ya tambaye ni tikiti. Mu bi ta saman farin gajimaren nan shiru, ba ko ƙarar inji. Can sai ya buɗe, ga rufin kwanon Ungogo yana walƙiya, ga gonaki an yanka su ƙanana-ƙanana, ga hanyar Minjibir da motocinta. Jirgin ba ya zuwa filin jirgi, a bakin gamba yake sauke ni. An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi, ƙamshinta har cikin maƙogwaro. In ɗauki sungumi in bi layi ina sara, in juyo da ƙwaryar iri ina zubawa ina rufewa da diddige. Daga cikin gari ina jin dakan Hadiza, na san nata a cikin na mata goma. Wani lokaci har inuwar tsamiyar nake ji a wuyana, mai sanyi, ba irin ta dabino mai ɓula-ɓula ba. Sau da yawa Shafik kan tashe ni yana dariya, wai diddigena na ta share yashi.

Haka watanni suka yi ta wucewa, rabi ina can rabi ina gida. Da na ga wata na shida ya kama, na tari mai gonar ranar da ya zo zagaye a babbar motarsa. Shafik ya tsaya tsakaninmu yana fassara. Na ce lokacina ya yi, damina ta kusa a garinmu, a ba ni fasfona. Mutumin bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya buɗe jaka ya fito da takardar da na dangwala wa yatsa a Kano, ya ɗora yatsansa a kan wani layi. Ni na yi karatun allo, na iya haɗa baƙin, amma ma'anar ta wuce ni. Shafik ya sunkuyar da kai ya ce shekara biyu aka rubuta.  Na kira dillalin nan mai farin gilashi ya fi sau ashirin, wayarsa a kashe.

Wata Alhamis da hantsi, ina kan tsani, wayata ta yi ƙara. Baffa ne.

"Hamisu, ruwa ya sauka jiya da la'asar. Na tona da hannuna, danshi ya wuce wuyan hannu. Mutane duk sun fita."

A bayan muryarsa ina jin carar zakara, ina jin wani na kiran a kawo iri. Na rufe ido. Abin da ya kamata in faɗa bai fi kalma biyar ba, amma in na faɗe su gonar tsamiya ta tafi har abada. Tsoro ya kama ni, ga kunya, ni da na yi ta cika baki a zaure. Na ce, "Baffa, ina hanya. Takarda ɗaya ta rage a sa wa hannu."

"To. Yau ko gobe?"

"Gobe, in Allah ya yarda. Ai ka san ba nisa."

"Na sani," in ji shi.

Bayan mako ya sake kira, ya ce gero ya tsiro a gonakin mutane. Na ce jibi. Ya kira ya ce an fara noman farko. Na ce ranar Juma'a ba fashi. Daga baya in na ga sunansa sai in bar wayar ta gaji ta yi shiru. Na yi wa kaina lissafi na ce ba a taɓa barin gona fayau da damina a ƙasarmu ba, ko ta mahaukaci ce sai wani ya zuba mata iri. Lallai Baffa ya riga ya ba ɗansa, kiran nan kara ce kawai yake yi min. Da Hadiza ta ce min gonar na nan yadda na bar ta, na ce hankali take kwantar min.

Sai mafarkin tsakar ranar nawa ya lalace. In rufe ido, jirgi ya sauke ni a bakin gamba, sai in tarar da bayan Isiyaku a sunkuye, gerosa yana cin takina. Wallahi na tsani bawan Allahn nan a lokacin. Na yi ta faɗa da shi a gindin dabino da ƙarfi, da Hausa, ma'aikata na kallona. Na tuna masa abin da ya yi min muna yara, na tuna masa har wanda bai yi ba.

Abinci ya daina shiga. Sau biyu wuƙa ta suɓuce min daga saman bishiya. Shafik ya dafa min shinkafa da wani wake nasu mai yaji, ya zauna a gabana ya tsare ni da ido sai da na cinye. Da mai gona ya sake zuwa, ban san ya je wajensa ba sai da na hango su a jikin mota, Shafik na nuna layukan dabinona yana buga ƙirjinsa. Ashe cewa yake in lokacin yankan dabino ya zo, shi zai hau nawa ya hau nasa. Mutum mai furfura, a wannan zafin. Daga ƙarshe mai gona ya ba ni fasfona ya ce in tafi, amma tikiti a kaina. Ranar, kwana talatin ke nan da saukar ruwan shuka.

Shafik ya raka ni har bakin titi, ya ɗaura min dabino a tsumma. Na rasa kalmar godiya a Larabcin nawa, sai na riƙe hannunsa kawai. Ya ce in ruwan sama ya same ni a hanya kar in gudu, in ɗan tsaya a cikinsa saboda shi.

A Jidda aka ce in jira takardar fita. Ita ta fito, kujera ta ƙi samuwa, lokacin alhazai na komawa gida ne, duk jirgin Kano a cike. Ina yawo a wani lungu na ji ana cinikin shayi da Hausa, irin tamu ta Kano. Na tsaya cak. Wani tsoho ne, Malam Ya'u, mutumin Bagwai. Bai tambaye ni takarda ba, garinmu kawai ya tambaya, da na ce Minjibir ya matsa min benci. A bayan shagonsa na yi kwana goma sha takwas. Ina wanke masa kofuna, shi kuma yana tatsar labari. Har yanzu ana gayya? Har yanzu ana cin kasuwar Bagwai yadda aka saba? Ya tambaye ni wata ɗorawa a kan hanyar garinsu, na ce tana nan, ko da yake ban san ta ba. Ya ce shi ma rani ɗaya ya zo ci, lokacin gemunsa baƙi ne wuluk.

Jirage kuwa ta saman lungun suke wucewa, ɗaya bayan ɗaya. In tsaya da kofi a hannu in bi su da kallo har su ɓace. Kowanne na gani sai in ce wannan da ina ciki, da la'asar a gida zan yi. Wani lokaci har in ji kujerar a bayana, kumfar sabulu na bushewa a hannuna.

Wata rana Baffa ya kira, na ɗauka na ce masa jibi. Malam Ya'u yana jina. Da na ajiye ya ce, "Ɗana, wa kake yi wa jibi?"

Na gaya masa komai.

Ya ce, "Ni ma akwai tsohon da na yi wa jibi. Na yi ta yi masa har ya daina tambaya. Kira shi ka gaya masa gaskiya, ko me zai biyo baya."

Raina ya ɓaci. Ni dama haka nake, in an taɓa inda ke min ciwo sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, ni ba irinku ba ne. Ni tafiya zan yi."

 Ya zuba min shayi ya ƙara min sukari. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji kunya ta rufe ni, mutumin da ya ba ni wurin kwana.

Tikitin da na samu daga ƙarshe ya cinye abin da na tara da niyyar sayen shanun huɗa. Kuma ba na Kano ba ne. Sai an bi ta Adis Ababa, a sauke ni a Legas. Da mai sayarwa ya faɗa, dariya ce ta kama ni. Legas ɗin da na gudu saboda nisa.

A Adis Ababa muka wuni cur a wani ƙaton zaure na gilashi muna jiran jirgi na biyu. Da azahar gari ya yi duhu, hadari ya taso daga bayan duwatsu, ruwa ya kece. Rabona da ganin ruwan sama wata takwas. Na je na ɗora tafin hannuna a jikin gilashin, ya yi sanyi ƙalau, ruwa na gangarowa ta waje daidai yatsuna. Ba ƙamshi, ba ƙara sosai. Na daɗe a tsaye ina kallon wata 'yar ciyawa a gefen titin jirgi tana rawa. A nan na yi kuka, ban damu da masu wucewa ba.

A jirgin Legas ma akwai allon nan da ɗan farin jirginsa. Na ga sunan Kano can sama, mu kuma muka bi ta ƙasa muka wuce ta. Na kashe allon. A tashar mota a Legas ruwa ya same ni, mutane suka watse neman mafaka, ni na tsaya a fili da jakata saboda Shafik, har direba ya leƙo ya ce in ban da lafiya ne in faɗa tun yanzu. Muka kama hanya. Mota ta lalace sau ɗaya kamar yadda ta saba. Daga Zariya zuwa gaba, dama da hagu gero ne da dawa, sun kai kafaɗa, wani geron har ya fara fitar da kai. Na sauka Kano, na hau ta Minjibir, daga nan na taka da ƙafa. Na lissafa a hanya, kwana hamsin da biyu tun ranar da Baffa ya ce ruwa ya sauka.

Ban fara zuwa gida ba. Hanyar gona na bi da jaka a kafaɗa, ina shirya maganganun da zan gasa wa Isiyaku. Gero ya rufe hanyar ta ko'ina, ganye na shafar fuskata, ga ƙamshin nan da na yi wata takwas ina nema. Na hango kan tsamiya. Na tsallake gamba.

Sai sarari ya buɗe a gabana.

Gonar na nan fayau. Baƙar ƙasa tun daga gamba har hanyar rijiya, ba gero, ba dawa, ba ko ciyawa ɗaya. An nome ta tas. Kewaye da ita amfanin mutane ya yi bango, ita kaɗai ce tsirara a duk faɗin wurin. A gindin tsamiya Baffa na zaune da fartanya a gefensa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ɗago kai. "Ka iso?"

"Na iso, Baffa."

"Hanya lafiya?"

Na durƙusa, amma gaisuwar ta ƙi fitowa. Na ce, "Baffa, me ya sa ba a shuka ba?"

Ya dube ni kamar bai gane tambayar ba. "Ka ce gobe."

"Amma ai kwanaki sun yi ta tafiya."

"Sun yi. Kullum na tashi da niyyar in kira Isiyaku, sai in tuna awa biyar ce. In ce to, in na ba shi da safe, kai kuma ka sauka da azahar fa? Da wane ido zan kalle ka?" Ya shafa ƙotar fartanyar. "Ciyawa kuwa ban bar ta ta cinye maka taki ba. Masu wucewa na cewa Sale ya tsufa, yana noman gonar da ba komai. Na ji su."

Na dubi baƙar ƙasar da ya nome.

Ya ce, "Gero ya wuce, dawa ta wuce. Wake ne kawai zai yi yanzu, shi ma sai an hanzarta. Ga gonarka nan, ban ba kowa ba." Ya dafa tsamiyar ya miƙe da ƙyar. "Isiyaku ƙodago yake yi a gonakin mutane tun farkon damina, matarsa ga ciki. Kullum ya gaishe ni sai in rasa abin da zan ce masa. Kai ka je ka faɗa masa."

A gida Inna ta yi ta shafa kaina tana hamdala. Yara suka rarrabe dabinon Shafik. Hadiza ba ta ce min komai a kan gona ba, ta dai buɗe rumbu lokacin da ta san ina kallo, ta zura hannu har kafaɗa kafin ta taɓo dami. Gonar ta zama tawa, ba mai ƙwace ta. Na kwana na tashi ban ji daɗin hakan ko na ƙwayar zarra ba.

Daga ƙofar gidana zuwa ta Isiyaku taku bai kai ɗari biyu ba. Sai da na yi kwana uku ban iya zuwa ba. In fito in kai bakin masallaci, in juyo. In sake fitowa in tsaya gaisawa da wanda ban da abin ce masa.

Rana ta huɗu da sassafe na same shi a ƙofar gida yana ƙwanƙwasa ƙotar fartanya a kan dutse. Ya yi baƙi, hannuwansa duk kanta. Ya yi min sannu da zuwa, ya matsa min gefen tabarma. Ban zauna a kai ba, a ƙasa na zauna. Na gaya masa komai, takardar shekara biyu, fasfon da aka karɓe, da kowane gobe da jibi da na yi wa Baffa alhali na san ƙarya nake. Har faɗan da na yi ta yi da shi a gindin dabino ban ɓoye ba.

Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya juya fartanyar ya duba bakinta.

"Hamisu," in ji shi, "ai da ni ka kira. Da na shuka maka da irina, in ka dawo ka girbe abinka, maganar gona a yi ta daga baya. Ni gona na nema. Ban nemi 'ya'yanka su kwana da yunwa ba."

Ya ajiye fartanyar.

"Kwana hamsin da biyu," ya ce, "wayata na cikin aljihuna."

Ya dubi rana ya ga ta fara ɗagawa. Ya ce in yi haƙuri, mai aikin ba ya son a makara. Ya rataya fartanyarsa a kafaɗa, ya kama hanyar gonar wani.